Hanyoyin Gano Matsalar Na'urar Birkin Tirela a Motocin A-kori-kura

Gabatarwa

Manoma da 'yan kasuwa da ma'aikatan ƙananan hukumomi na amfani da motar a-kori-kura wajen jan ƙaramar tirela mai ɗauke da hatsi, taki, janareta ko tankin ruwa. Wasu daga cikin motocin, musamman waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, na zuwa da na'urar da ke sarrafa birkin tirela a haɗe da allon gaban direba. Kamfanin Ford ya fara sanya ta a manyan motocinsa na Super Duty samfurin 2005, General Motors kuma ya biyo baya a 2007.

Idan birkin tirela ya daina kamawa, da yawa kan garzaya Sabon Gari da ke Ƙaramar Hukumar Fagge, ko kasuwar Ƙofar Ruwa, domin neman sabuwar na'ura. Sau da yawa kuwa na'urar lafiyarta ƙalau. Matsalar na soket ne ko a wayoyin tirela. Wannan bayani ya jera abubuwan da ya kamata a duba, ɗaya bayan ɗaya, kafin a kashe kuɗi.

Yadda na'urar ke aiki

Idan direba ya taka birki, na'urar na auna ƙarfin takun, sannan ta tura wuta daidai gwargwado zuwa maganaɗisun da ke cikin kowace ƙafar tirela. Maganaɗisun ya manne da gangar birki, ya ja hannun da ke buɗe takalman birkin, ƙafa ta rage gudu. A jikin na'urar akwai maɓallan ƙari da ragi, daga 0 zuwa 10, da kuma ɗan hannu da ake matsewa domin kama birkin tirela kaɗai.

Mataki na 1: A tabbatar da irin birkin tirelar

Na'urar tana aiki ne da birki mai amfani da lantarki. Yawancin tirelolin da masu walda ke ƙerawa a gida ba su da birki ko kaɗan. Ƙananan tirelolin Turai kuma galibi birkinsu na kamawa ne da kansa idan tirela ta turo mota daga baya, don haka babu ruwansu da na'urar. Haka nan filoginsu mai zagayayyun ƙusoshi ya bambanta da na Amurka mai faffaɗan baki bakwai. Idan tirelar tana haɗa lantarki da man birki, a zaɓi wannan nau'i a allon motar, in motar tana da zaɓin.

Mataki na 2: A karanta saƙon allo

Saƙon "Trailer Disconnected" na nufin na'urar ba ta ganin maganaɗisun, wato waya ta tsinke ko filogi bai zauna ba. Saƙon "Wiring Fault on Trailer" a motocin Ford, ko "Check Trailer Wiring" a na General Motors, na nuni ga matsalar waya, kamar wadda ta goge tana taɓa ƙarfe. A cire filogin tirela a sake kunna mota. Idan saƙon matsalar ya ɓace, a nemi cutar a tirela; idan ya ci gaba, a nemi ta a mota.

Mataki na 3: Soket da filogi

Ƙurar hunturu da ruwan damina su ne manyan abokan gabar soket. A duba ko akwai tsatsa, kore-kore, laka ko bakin da ya lanƙwashe. A goge da busasshen buroshi, a shafa man kariya na kayan lantarki, a tabbatar murfin soket na riƙe filogi. A kuma duba bayan soket ɗin a ƙarƙashin mota, domin a nan ruwa kan kwanta.

Mataki na 4: Wayar da ke maida wuta

A tsarin Amurka, shuɗiyar waya ce ke kai wuta ga birki, fara kuma ita ke maido ta, ana ɗaure ta a jikin shasi. Idan mahaɗar farar wayar ta yi tsatsa ko fenti ya rufe ta, birki zai riƙa kamawa yana saki, fitilun baya su riƙa dushewa. A kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam. Kada a dogara da ƙugiyar jan tirela wajen maida wuta. Inda aka taɓa sauya wayoyi, a gwada da mita, kada a yarda da launi kawai.

Mataki na 5: Fis

Akwai fis na musamman domin birkin tirela, yawanci a akwatin da ke kusa da inji. Littafin motar zai nuna lambarsa. A maye gurbin wanda ya ƙone da mai lamba iri ɗaya. Ɗaura zaren waya a madadin fis na iya ƙona na'urar, har ma da motar.

Mataki na 6: Maganaɗisu da takalman birki

A birki mai inci 10 ko 12, lafiyayyen maganaɗisu na nuna om 3 zuwa 4 a mita, yana kuma jan wuta kimanin amfiya 3. Tirela mai ƙafa huɗu za ta ja kimanin amfiya 12. Idan an samu ƙasa da haka sosai, wata ƙafar ba ta samun wuta. A yi gwajin da ɗan hannun matsewa, domin wasu motocin na rage wutar idan suna tsaye. A buɗe ganga a duba ko giris ya malala, ko maganaɗisun ya cinye, ko takalman na bukatar gyaran tazara.

Mataki na 7: Daidaita ƙarfin birki

A nemi busasshiyar hanya shimfiɗaɗɗiya wadda babu jama'a, nesa da cunkoson France Road da bakin Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. A yi gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa, a matse ɗan hannun gaba ɗaya. Idan tayoyin tirela sun ƙame suna jan ƙasa, a rage lamba. Idan ba a ji riƙo ba, a ƙara. Lambar da ta dace ita ce wadda ke dab da ƙamewar taya. A sake daidaitawa duk lokacin da kaya ya canza, domin tirelar da ta ɗauko buhuna daga Dawanau da wadda ta koma wayam ba lamba ɗaya suke bukata ba.

Lokacin da za a nemi gwani

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, a jona motar da wata tirela mai lafiya. In matsalar ta ci gaba, a kai wa mai gyaran wayarin da ke da kwamfutar binciken mota, domin na'urar tana haɗe da ƙwaƙwalwar birkin motar. A nemi ya nuna lambar matsalar kafin a amince da sayen sabuwa.

Jan hankali

Tirela mai kaya wadda birkinta ba ya aiki tana tura mota a gangara, tana tsawaita tazarar tsayawa, tana iya naɗe ta. Ana shawartar jami'an sufuri na ƙananan hukumomi da su tabbatar an gwada birki da fitilu kafin kowace tafiya, a kuma rubuta sakamakon a littafin mota. Duba lafiyar abin hawa aikin jami'an VIO ne, yayin da KAROTA da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke sa ido a kan hanya. Idan haɗari ya auku, a kira hukumar a lamba 122. Rigakafi ya fi magani.