Mai Riga Ɗaya Ba Gwani Ba Ne? Sake Duba Ma'aunin Ƙwarewar 'Yan Wasan Hausa

Tarihin fim ɗin Hausa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, da tasirin finafinan Indiya a kansa, an riga an yi masa rubutu mai gamsarwa (Adamu 2007, Larkin 2008), don haka ba zan maimaita ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani hukunci ne da wani abokin aikina ya daɗe yana karewa: wai gwanin ɗan wasa shi ne mai sauya kama, yau sarki gobe almajiri, wanda kuwa ya shekara ashirin cikin riga ɗaya ba gwani ba ne, sa'a ce ta haɗa shi da rawar da ta dace da halinsa. Da wannan ma'auni ya cire Usman Baba Pategi da Rabilu Musa Ibro daga sahun ƙwararru. A ganina an auna hatsi ne da mudun da ba na kasuwar ba.

Hujjarsa mafi ƙarfi a kan Pategi take. Ya ce mutumin tsohon soja ne, saboda haka rawar da ya taka a shirin Samanja ba kwaikwayo ba ce, kansa kawai ya nuna. Sai dai tsofaffin sojoji sun cika Kaduna a zamanin shirin, Samanja kuwa ɗaya ne. Duk wanda ya saurari shirin da kunnen nazari zai ji cewa Hausar barikin nan ba sakaka take fita ba. Akwai inda yake karya jinsi da gangan, akwai inda yake jefa kalmar Turanci daidai gaɓar da dariya za ta fashe, sannan ya daka tsawa, ya yi shiru na ɗan lokaci yana muzurai kafin ya saki ragowar maganar. Wannan shirun lissafi ne. Zaman bariki na iya ba mutum kalmomi, amma sanin inda za a ajiye kowace kalma a wajen wasa ake koyonsa.

Abokin nawa zai ce, to, ai maimaici ne. Nan ne nake jin ya manta daga inda sana'ar ta taso. Ɗan kama ba ya sauya suna ko kama daga dandali zuwa dandali. Jama'a sun san shi, abin da suke jira shi ne yadda zai juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya, kamar yadda Gidley (1967) ya bayyana. Sabon abu a cikin maganar yake, rigar kuwa tsohuwa ce. Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, a wannan turba ya tashi. Suna ɗaya ne daga Ibro Awilo zuwa Ibro Usama, amma kowane fim da bakin da ya ara da irin mutumin da ya ɗauko daga titi ya ɗora a kan Ibro. Mai neman sauyin fuska ba zai ga wannan ba, domin a harshe sauyin yake.

Dole in taƙaita da'awata a nan. Abin da na faɗa ya fi tsayuwa a wasan barkwanci da shirye-shiryen rediyo da talabijin, inda magana ce jarin ɗan wasa. A finafinan soyayya irin na zamanin Sangaya, wani babban kaso na abin da ke taɓa zuciyar mai kallo muryar mawaƙi ce, jarumi da jaruma baki kawai suke bi da shi, kuma a can zargin cewa farin jini da kyan fuska ke raba matsayi yana da ƙamshin gaskiya. Ko a shiri mai dogon zango lamarin ba ya rabuwa cikin sauƙi. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, muhawarar masu kallo ta fi karkata ga wace ce suka saba gani, ba ga yadda kowacce ta riƙe maganar da aka rubuta mata ba. Sabo da fuska daban, dacewa da matsayi daban, kuma mu masu nazari ma mukan cakuɗa su.

Iyakar abin da nake iya tsayawa a kai shi ne, yawan rigunan da ɗan wasa ya sa ba ya isa hujjar ƙwarewa ko rashinta a wasan Hausa. Ina roƙon ɗalibanmu masu neman batun digiri su zauna da faifan Samanja guda goma, su rubuta maganarsa kalma bayan kalma, su ƙirga inda ya tsaya da inda ya karya nahawu. Pategi ya rasu a Nuwambar 2023, kuma wannan aiki ya cancanci a yi masa shi tun yana raye.