Tarin Fuka Marar Jin Magani: Daga Ƙwaryar Majinyaci zuwa Tagar Asibiti

A Damargu ta Nijar, kamar sauran ƙasar Hausa, idan tari ya daɗe a jikin mutum, ya rame, ya fara kakin jini, abin da aka saba shi ne a ware masa ƙwarya da ludayi. Niyyar mai kyau ce, sai dai ƙwayar tarin fuka ba ta bin ƙwarya. Iska take bi.

Duniya ma ta daɗe kafin ta tabbatar da haka. Robert Koch ya gano ƙwayar a Jamus a 1882, amma sai a shekarun 1950 Richard Riley ya kawo hujja a Baltimore ta Amurka: ya janyo iskar ɗakin majinyata ta bututu zuwa kejin ɓerayen Masar, dabbobin suka kamu ba tare da sun taɓa kowa ba. Ya kuma lura cewa wanda ya fara shan maganin da ke aiki a jikinsa, yaɗa cutarsa na raguwa ƙwarai. Binciken Madras a Indiya, wanda aka fara a 1956, ya nuna jinya a gida ba ta ƙara wa iyali haɗari fiye da kwantarwa a asibiti.

Matsalar ita ce ƙwayar da ta daina jin magani. An ga alamarta tun shekarun 1940, jim kaɗan bayan fitowar allurar streptomycin. A 2006 aka bayyana abin da ya faru a Tugela Ferry ta Afirka ta Kudu: cikin mutum 53 masu nau'in da ya fi kowane taurin kai, 52 suka rasu, da yawansu kuwa sun taɓa kwanciya a asibiti kafin nan. Wurin neman lafiya ya zama wurin ɗaukar cuta. Shekara guda bayan haka, wani bincike a asibitocin Lima ta Peru ya nuna tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi, idan aka buɗe su, sun fi ɗakunan zamani masu injin sauya iska.

Nijar ba ta zama ƴar kallo ba a wannan tarihi. Tun 2008 shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, tare da ƙungiyar Damien ta Beljiyam, ya fara gajeren magani na wata 12 da aka ɗauko daga Bangaladash, a lokacin da wasu ƙasashe ke shan wata 20 ko fiye. Cikin mutum 65 na farko, 58 suka warke. Wannan sakamako na cikin hujjojin da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren magani a 2016. Abin alfahari ne, ko da yake allurar kanamycin da ke cikin maganin takan taɓa jin kunnen wasu.

Ga mutumin Damargu, na Tanut ko na Belbeji da ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, babban asibiti yana Damagaram, kusan kilomita 140 daga Tanut. Kafin ya kai can, ya yi tari cikin mota, ya yi tari a layin jira, mai jinyarsa kuma ta shimfiɗa tabarma kusa da gadonsa. Shi ya sa ƙananan abubuwa suke da nauyi: a fara ganin mai tari kafin kowa, a ba shi takunkumi, ya bada majina a fili ba cikin ɗaki ba, a zaunar da masu jira ƙarƙashin rumfa. Lokacin hunturu ne matsalar ta fi tsanani, domin ƙura da sanyi na sa kowa ya rufe taga.

Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano ƙwayar da ta bijire wa rifampicin cikin kusan awa biyu. Tun 2022 kuma hukumar ta ba da shawarar maganin wata 6 na ƙwayoyi kawai, babu allura, wanda makiyayi zai iya sha kusa da dabbobinsa muddin cibiyar lafiya na bibiyarsa.