Kashi Biyu Cikin Ɗari: Yadda Yajin Aiki Ya Haifi Asusun Bincike

A ƙasar Hausa mai neman ilimi bai taɓa ɗaukar nauyin kansa shi kaɗai ba. Unguwa ke ciyar da almajiri, iyaye su aika wa malam kuɗin laraba, manomi ya kai masa damin zakka da kaka, attajiri kuma ya saya masa littafi. Da boko ya shigo, En'e ta karɓi wannan nauyi, daga bisani gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta riƙa tura samari Ibadan da Ingila da kuɗinta. A 1959 ƙasashen Kwamanwel suka kafa nasu shirin tallafin karatu, a 1973 kuma gwamnatin Gowon ta buɗe asusun PTDF don horar da 'yan ƙasa a fannin man fetur.

Ni na kama aikin koyarwa a jami'a a farkon shekarun 1980, na riski ƙarshen wannan daula. Sai shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, Naira ta faɗi warwas. A laburarenmu akwai kantar da ake jera mujallun ilimi na waje. Sabon kwafi ya daina zuwa, ma'aikacin wurin kullum yana goge ƙura a kan tsofaffin. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa malami ya koma zana na'ura da alli a kan allo, ɗalibai suna kwafa. Manyanmu da yawa suka tattara suka nufi Saudiyya da Amurka da Botswana.

Cikin wannan ƙunci ne ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ƙarƙashin Dakta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, ta tsunduma yajin aiki a 1992. Gwamnatin Babangida ta haramta ƙungiyar, ta tsayar da albashi, ta ce aljihunta ba kuɗi. Malaman suka nuna mata inda za a samo: kowane kamfani da ke da rajista a Nijeriya ya ba da kashi 2 cikin ɗari na ribarsa, tunda jami'a ce ke yaye masa injiniya da akanta. Aka sa hannu a yarjejeniya a Satumbar 1992, Dokar Soja mai lamba 7 ta 1993 kuma ta kafa Asusun Harajin Ilimi, ETF. Mun ci bashi a wurin masu kanti a watannin yajin, wasu sun sayar da motocinsu, amma abin da aka samo ya fi ƙarin albashi daɗewa.

Da farko kuɗin ya warwatsu, domin har firamare da sakandare suna da rabo, yawanci kuma a gini yake ƙarewa. Zuwan Farfesa Mahmood Yakubu shugabancin asusun a 2007 ne aka karkata ga mutane. Daga 2008 aka fara ɗaukar nauyin malamai su yi digiri na biyu da na digirgir a gida da waje. Dokar 2011 ta sauya sunan zuwa TETFund, ta keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati: jami'o'i su ɗauki rabi, kwalejojin fasaha da na ilimi su raba sauran daidai. A ƙarƙashinsa akwai Asusun Bincike na Ƙasa, wanda Farfesa Suleiman Bogoro ya yi wa tsayin daka a lokacin da yake shugabantar TETFund. Harajin ya tashi zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, ya kai kashi 3 a 2023.

Na ga amfanin wannan kuɗi a tsangayarmu. Wata ɗalibata, 'yar tela, ta dawo daga Maleshiya da digirin digirgir. Ta rubuta taƙaitaccen tsarin bincike kan ƙwarin da ke cinye wake a rumbu, aka tantance, ta miƙa cikakke, ta je ta kare shi gaban kwamiti. Yau tana da na'urarta da ɗalibanta, ba ta zana komai a allo. Na kuma ga abokan aiki da suke cewa sai mai uwa a gindin murhu ke samu, alhali ba su taɓa cike fom ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Akwai kuma waɗanda suka ci amana. Wasu an tura su waje suka ƙi dawowa, wasu sun karɓi kuɗin bincike ba rahoto ba labari. Wannan, tare da tsadar dala, shi ne hujjar da TETFund ta bayar lokacin da ta dakatar da tura sababbin malamai waje daga Janairun 2025. Laifin 'yan kaɗan ya rufe ƙofa ga dubban 'ya'yan talakawa.

Saboda haka nake kira ga matasan malamai da ɗalibanmu, musamman na Arewa. Ku zauna da waɗanda suka taɓa cin tallafi su koya muku rubuta tsarin bincike da kasafinsa, ku nemi na TETFund da PTDF da Kwamanwel ba tare da jiran wani ya tsaya muku ba. In Allah Ya ba ku, ku yi aikin, ku kawo rahoto, ku dawo gida ku koyar. Kuɗin nan an yi yunwa kafin a same shi, kuma haƙƙin na baya yana wuyanku.