Kifin Oti, Gishirin Daboya da Miyar Yaran Yandi

Fataken Kano da Katsina da suka riƙa bin hanyar Gwanja a ƙarni na 19 goro suke nema. Ayarinsu kan ratsa Sansanne Mango, ya yada zango a Yandi, fadar sarki Ya Na, sannan ya gangara Salaga. Littattafan tarihi sun cika da labarin goro da kanwa da bayi, amma akwai wasu kaya biyu da ba a cika ba su muhimmanci ba, alhali su ne suke shiga tukunyar talaka: gishiri da busasshen kifi.

Gishirin yana zuwa ta fuska biyu. Na Daboya, a bakin Farin Balta, mata ne suke kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta da ruwa, su dafa har ya daskare. Na Ada kuwa daga bakin teku ake lodo shi a kwalekwale, a hauro da shi kogi zuwa Kete-Krachi. Kifi kuma na kogunan Oti da Daka ne, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, a yi banda a kai kasuwa.

Zama a bakin kogi a wancan zamani ba ƙaramin sayar da rai ba ne. Wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yana ɗauke da tsutsar da ke makantar da mutum. A kwarin Farin Balta da Jan Balta, wajen Bawku, ƙauyuka sun tashi ɗungurungum, mutane suka koma tudu suna noman ƙasar da ta riga ta gaji. Wani masani, John Hunter, ya rubuta a 1966 yadda hakan ta faru a Nangodi. Sai a 1974 aka ƙaddamar da shirin feshin koguna a ƙasashe bakwai har da Ghana, aka ƙara da rabon maganin Mectizan bayan 1987, shirin ya kai 2002. Daga nan ne jama'a suka samu ƙarfin zuciyar komawa fadama.

A tsakanin nan kuma madatsar Akosombo ta sauya taswira. Da aka kammala ta a 1965, tafkin Balta ya ci tsohon garin Kete-Krachi, ya tashi mutum kusan 80,000, ya miƙo hannu har Makango kusa da Salaga. Masunta 'yan ƙabilar Ewe suka hauro arewa, Yeji ta zama babbar kasuwar banda. Kifi ya yi yawa, kuɗinsa ma ya yi daɗi, kuma a nan matsalar take: mai kyan shi ne ke hawa mota zuwa Kumasi da Tamale, ɗan masunci ya tashi da tuwo da miyar kuka.

Abin da kakanni ba su sani ba shi ne cewa wannan kifin yana ɗauke da wani sinadari mai suna siliniyam. Berzelius, mutumin Suwidin, shi ya gano shi a 1817, amma sai a 1957 aka tabbatar jiki ba ya iya rabuwa da shi. Buƙatarsa kaɗan ce ƙwarai, yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku maikirogiram 20 yake nema a rana. Rashinsa kuwa yana da muni. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin ya jawo ciwon zuciya da ya riƙa kashe yara da mata masu haihuwa. A arewacin Kwango ya haɗu da ƙarancin sinadarin aidin, aka riƙa samun yara da suka tsumbure jiki da ƙwaƙwalwa, domin ƙullin da ke wuya, wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo, da sinadaran biyu yake aiki. Dawa da gero da masara ba sa ba da siliniyam sai gwargwadon abin da ke cikin ƙasar da aka shuka su, kuma manomi ba shi da hanyar gane hakan da ido. Doya da rogo, waɗanda suka yi yawa a gonakin Salaga, nasu bai taka kara ya karya ba. Kifi da ƙwai da hanta su ne abin dogaro.

Al'ada ma ta sa hannu. A gidaje da yawa tsokar kifi ta maigida ce, yaro sai romo. Ƙwai kuma a hana shi, wai kada ya tashi da ɗan hali. Wannan camfi ya cuci yara ba kaɗan ba.

Ghana ta yi wa gishiri doka a 1996, ta wajabta sanya masa aidin don yaƙi da maƙoƙo. Finlan ta bi ta gona, ta soma zuba siliniyam cikin takin zamani tun 1984. Uwa a bakin Oti ko a Zangon Yandi ba sai ta jira irin wannan ba. Ta ware ƙananan kifi kafin 'yan sari su iso, ta daka su da ƙashinsu, ta zuba a miya da kunun yaye, maigida kuma ya yarda a fara cika kwanon yara.