Farin cikon haƙori: inda zafi ke ƙara masa ƙarfi, da inda yake ɓata shi

Farin cikon da likitan haƙori ke toshe ramin haƙori da shi, wanda ake kira kwampozit, haɗi ne na abu biyu: wani irin ƙaro na roba, da garin gilashi mai laushi ƙwarai. Wani likitan haƙori ɗan Amurka, Rafael Bowen, shi ne ya samo ƙaron da ake kira Bis-GMA a farkon shekarun 1960, kuma har gobe da shi ake yin yawancin wannan ciko. Yanzu yana ta maye gurbin tsohon ciko mai ruwan azurfa, wanda ke da zaiba a ciki, tun da yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta nemi ƙasashe su rage aiki da shi.

Yaya yake daskarewa? Likita na sa shi a ramin haƙori yana da taushi kamar ƙullu, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba a kowane zubi. Sai ya haska masa fitila mai shuɗin haske na daƙiƙa 20 zuwa 40. Hasken ne ke sa ƙwayoyin ƙaron su kama juna su zama sarƙa. Amma fa ba duka suke kamawa ba: galibi kashi 55 zuwa 75 cikin ɗari ne. Idan abin da ya kama ya yi kaɗan, cikon zai yi saurin cinyewa, ya sauya launi, ko ya tsage. To, a nan ne zafi ke shigowa.

Hanya ta farko ita ce ɗumama shi kafin a sa. Akwai ƙaramar na'ura da ke kai shi digiri 54 zuwa 68. Da ya yi ɗumi sai ya ƙara laushi, ya shiga kowane lungu na ramin, ƙwayoyin kuma su fi samun damar kama juna. Sai dai yana hucewa da sauri, cikin minti ɗaya ko biyu, don haka dole hannun likita ya yi hanzari.

Hanya ta biyu ita ce gasa shi a waje da baki. Idan ramin babba ne, sai a ɗauki awon haƙorin, a ƙera cikon a ɗakin aiki, a haska shi, sannan a sa shi a ƙaramar tanda mai zafin digiri 100 zuwa 120 na ƴan mintoci. Wannan gashi na ƙara masa tauri da juriyar tauna. Bayan nan sai a manna shi a haƙori.

Me ya sa ba a yin haka a cikin baki? Saboda jijiyar haƙori ba ta son zafi. Binciken da Zach da Cohen suka yi kan haƙoran birai a 1965 ya nuna ƙarin digiri 5,5 kaɗai a cikin haƙori ya kashe jijiyar kashi 15 cikin ɗari na haƙoran. Kun ga ke nan ko fitilar ma ba a barinta ta daɗe fiye da ƙa'ida.

Mu a nan, abin da ya fi shafarmu shi ne ajiya. Kamfanoni da dama na rubuta a ajiye kwampozit ƙasa da digiri 25, alhali a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai zafin Afrilu da Mayu na wuce digiri 40. Ɗumi na ɗan lokaci kafin aiki magani ne, amma zafin watanni a kan kanta yana tsufar da shi tun kafin ranar da aka rubuta. Wanda ya fito daga firigo kuma, sai an bar shi ya saki sanyi, don mai sanyi ba ya kamawa da kyau.

Don haka, jama'a, idan aka yi muku ciko kuka ga ya faɗi, ya yi baƙi a gefe, ko haƙorin na ta zogi kwana da kwanaki, ku koma wajen likita da wuri. Ƙaramin rami ya fi sauƙin gyara da arha a kan cire haƙori.