Yadda Matan Zariya Suka Gyara wa Likitoci Littafi

Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar koyon aikin likita a 1967, likitoci 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba. Dakta Barau Dikko, ɗan Wusasa da ake ɗauka shi ne likitan farko daga wannan yanki, sai da ya ƙetare har Birmingham ta Ingila kafin ya samo takardarsa. Kudu kuwa ta daɗe da yin nisa: makarantar Yaba tun 1930, asibitin koyarwa na Ibadan tun 1957. Arewa ta shigo a makare, kuma a shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke.

Ɗaliban farko sun yi karatun aji a Samaru, aikin asibiti kuma a Tudun Wada da Kaduna, sannan a tura su Malumfashi su ga yadda lafiyar mutanen karkara take. Akasarin malamansu baƙi ne, littattafansu ma haka. A nan gizo yake saƙar. Littafin da aka rubuta a Landan yana maganar mace ce da ta yi awo tun cikinta yana ƙarami, ta ci ta ƙoshi, ta iso asibiti da ƙafarta da zarar naƙuda ta fara. Wadda ɗalibi yake tararwa da tsakar dare a Tudun Wada kuwa sau da yawa yarinya ce mai cikin fari, an ɗauko ta daga ƙauye bayan ta kwana biyu ko uku a kan gwiwa, ta daure saboda kunya, an ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, sai da abin ya gagari ungozoma aka nemo mota. Wata ta zo da jijjiga, wata mahaifa ta fashe, wata jini ya ƙare.

Tun a Ibadan aka fara gane wannan giɓi. John Lawson da David Stewart sun fitar da littafi a 1967 kan haihuwa da cututtukan mata a ƙasashe masu zafi, kuma ya zama abokin tafiyar ɗalibai na tsawon shekaru. Amma Zariya ce ta kawo alƙaluma.

A 1972 Kelsey Harrison, ɗan Abonnema ta jihar Ribas, wanda ya yi karatu a Ibadan da Landan, ya zo Zariya a matsayin farfesan fannin haihuwa. Abin da ya sa a gaba ba ya da armashi a ido: a rubuta bayanin kowace mace da ta haihu a asibiti, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Shekarunta, tsawonta, haihuwa ta nawa, ta yi awo ko ba ta yi ba, ta yi makaranta ko ba ta yi ba, yaya ta ƙare ita da jaririn. Daga 1976 zuwa 1979 aka tara bayanan haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985 a mujallar likitocin mata ta Birtaniya.

Mata 238 ne suka rasu, wato fiye da ɗaya cikin kowane ɗari. Sai dai mutuwar ba ta rabu daidai ba. Waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba kusan kashi ɗaya cikin uku ne na matan, amma 219 daga cikin mamatan nasu ne. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, ɗakin tiyata ɗaya. 'Yan mata ƙanana masu cikin fari da iyayen da suka yi haihuwa da yawa su suka fi shiga haɗari, matan da suka yi karatun boko kuwa da wuya a ga sunansu cikin jerin mamata. Harrison bai ɓoye ra'ayinsa ba, ya yi ta nanata cewa karantar da 'ya'ya mata na cikin manyan magungunan mutuwar haihuwa. Bayan shekara biyu da fitowar aikin aka yi taron Nairobi na 1987 da ya ƙaddamar da gangamin kare rayukan masu haihuwa a duniya, kuma binciken Zariya na cikin hujjojin da aka dogara da su.

Akwai wani abin mamaki da ya fito daga aikin da ya yi tare da Alan Fleming, masanin cututtukan jini. 'Yan mata masu cikin fari da aka ba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini, da yawansu sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Yarinya tana girma, abin da ke cikinta yana girma. Ga ɗalibin da aka koya wa cewa ƙaramin ƙugu ne ke tsayar da kan jariri, wannan darasi ne babba.

Yoyon fitsari ma a nan aka ƙirga shi da kyau. Farhang Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 da aka duba a asibitin daga 1969 zuwa 1980, ya gano doguwar naƙuda ce sanadi ga fiye da kashi 80 cikin ɗari, yankan gishiri kuma kashi 13. Littafin da aka rubuta don matan Ingila bai san gishiri ba. Dole ɗalibi ya koyi tambayarsa da Hausa, cikin ladabi, daga bakin wadda ba ta son faɗi ko daga bakin uwar da ta rako ta.

Haka batun wankan jego. Likitocin zuciya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da haki da kumburin ƙafa makonni kaɗan bayan haihuwa, zuciya ta gaza. Suka ɗora alhakin a kan ruwan zafi da ake fyaɗawa da ganye safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa mai yawan gishiri. Shekara da shekaru ɗalibai suna haddace wannan don jarrabawa. Daga baya binciken da likitocin Kano suka jagoranta ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, ya karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Kaka mai hura wutar wanka ta ɗan samu sassauci, ko da yake ba wanda ya ce kanwa ta zama magani ga mai hawan jini.

Ɓangaren yara ya bi irin wannan hanya, amma iskarsa daga kudu ta kaɗo. David Morley, wanda ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile tun shekarun 1950, shi ya yaɗa asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar da katin auna nauyin yaro, kakan katin da uwaye ke ajiyewa a leda yau. A Zariya, cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau da ke cikin birni ta zama wurin da ɗalibi ke ganin ƙyanda da tamowa da gudawa da amosanin jini ido da ido, ya koyi cewa tambayar ranar da aka yaye yaro tana iya fin na'urar sauraron ƙirji amfani.

Tsarin da ya zauna har yau shi ne karatun shekara shida, ana shiga fannin mata da na yara gab da ƙarshe, galibi a shekara ta biyar. Ɗalibi ba ya zama jarrabawa sai ya karɓi adadin haihuwar da aka ƙayyade masa, an sa masa hannu a littafi. Kuma kowane likita ya san wanda ya koya masa wannan: ba farfesa ba ne, ungozomar asibiti ce, wadda za ta riƙe masa hannu ta nuna masa yadda ake tare kan jariri, yadda ake ɗaure cibiya, yadda ake duba mabiyiya a tabbatar ta fito cif. Sunayen waɗannan ungozomomi ba sa cikin mujallun Birtaniya, alhali su suka raini likitocin da suka bazu zuwa Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos. Bayan kammalawa kuma akwai shekarar horo a asibiti, wata uku-uku a manyan fannoni huɗu, biyu daga ciki mata da yara ne.

A 2005 asibitin koyarwar ya tare a Shika, an samu gine-gine da na'urorin da ɗaliban Tudun Wada ba su yi mafarkinsu ba. Jijjiga da zubar jini da doguwar naƙuda kuwa suna nan, kuma har yanzu Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne ke kan gaba a Najeriya wajen matan da ke haihuwa a gida ba tare da ƙwararre a kusa ba.