Katsinar Kaka da Katsinar Takarda

Kakana har ya rasu bai taɓa cewa shi ɗan Nijar ne ba. In an tambaye shi sai ya ce: Bakatsine. Kuma bai yi ƙarya ba. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarautar Haɓe ta yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi wajen 1819. Har yau sarkinmu Sarkin Katsina ake ce mishi. Iyakar da ta raba Ɗan Isa da Jibiya kuwa, Faransa da Ingila suka shata ta, a yarjejeniyoyin 1904 da 1906.

Da aka rufe boda a 2023, wana mai fataucin albasa ya tashi neman fasfon Najeriya. Ya ɗauka asalin kaka ya ishe shi. Ina! Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa waje, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne. Hijirar shekara ɗari biyu ba ta cikin lissafi. Innarmu ce ta cece shi, don a Jibiya aka haife ta. Nijar ma tun 2014 ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu.

To ƴan'uwa, kirarin zuri'a ba ya ƙetare shingen duwan. In tsohuwarku haihuwar can ce, ku nemi takardar haihuwarta tun tana raye.